Jijiyar da ta Yanke: Tarihin Ɗinki, Abinci da Ƙwayoyin Tushe

A ranar 25 ga watan Afrilu na shekarar 1903, wani likita mai suna Henry Head ya miƙa hannunsa na hagu ga abokan aikinsa a birnin Landan ya ce su yanka. Lafiyarsa lau, babu abin da ke damun hannun. Suka tsaga fata kusa da gwiwar hannu, suka datse jijiyoyi biyu masu kawo ji daga bayan hannu da gefen sangali, suka haɗa bakunan da zaren siliki, suka rufe. Abin da ya kai shi ga haka shi ne ya gaji da tambayar majinyata abin da suke ji suna ba shi amsa a dunƙule, sai ya ga gara ya zama majinyacin da kansa. Daga nan har zuwa 1907 yakan tafi Kambirij a ƙarshen mako, ya zauna ido a rufe a ɗakin abokinsa W. H. R. Rivers, shi kuwa yana tsikarar hannun da allura, yana shafa masa auduga, yana ɗora masa kwalabe masu ruwan zafi da na sanyi. Jin zafi ne ya fara dawowa, bayan kwana arba'in da ɗoriya, wani irin ji mai muni wanda ba ya nuna takamaiman wurin da aka taɓa. Jin taɓawa mai laushi kuwa sai da ya ɗauki fiye da shekara kafin ya kankama. Wannan fa jijiya ce ƙarama, wadda aka yanke da wuƙa mai tsabta, aka ɗinke nan take.

Kafin mu ci gaba sai mun warware wata matsala ta harshe. A Hausa kalmar jijiya tana ɗauke da kaya uku: hanyar da jini ke bi jijiya ce, igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi jijiya ce (ko da yake muna da agara), sannan farin zaren nan da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓɓai shi ma jijiya ce. Ba mu kaɗai ne muka yi wannan haɗin ba. Kalmar da Girkawan dā suka yi amfani da ita, wadda daga gare ta ne likitancin yau ya samo sunan wannan fanni, asalinta tana nufin agara ko tsirkiyar baka, kuma an daɗe kafin likitocinsu su rarrabe agara da jijiyar saƙo a kan gawa, domin dukansu farare ne masu kama da igiya. A wannan rubutu, duk inda na ce jijiya ina nufin ta saƙo, kuma wadda ta riga ta fita daga ƙwaƙwalwa da laka ta bazu cikin hannuwa da ƙafafu da fuska. Bambancin yana da muhimmanci: laka idan ta yanke ba ta tofowa, amma jijiyar gaɓɓai tana tofowa. Tarihin da ke tafe na mutanen da suka yi ƙarni bayan ƙarni suna neman yadda za su sa wannan tofowa ta yi sauri ne, kuma ta bi hanyar da ta dace.

Zamanin tsoron allura

Galen, wanda littattafan Larabci ke kira Jalinus, ya yi aikin jinyar ƴan wasan takobi a garinsu Pergamon a ƙarni na 2 kafin ya koma Rum, saboda haka ya ga raunuka iri-iri. Shi ne ya nuna wa jama'a a fili cewa murya na ƙarƙashin ikon jijiya: yakan ɗaure alade yana ihu, ya ɗaure wata siririyar jijiya a wuyansa, ihun ya ɗauke ɗif alhali dabbar na numfashi. Amma shi ɗin dai ne ya bar wa na baya wani tsoro da ya daɗe, cewa sukar jijiya na jawo farfaɗiya da sandarewar jiki. Mai yiwuwa abin da ya gani cutar nan ce da ke biyo bayan rauni mai datti, wadda asibiti ke kira tetanus. Ko ma mene ne, maganarsa ta zama doka, kuma likitoci da yawa sun ƙi kusantar jijiya da allura har tsawon shekaru fiye da dubu.

An samu masu saɓa masa jefi-jefi. Ana ambaton Ibn Sina cikin waɗanda suka yarda a haɗa bakin jijiyar da ta yanke a ɗinke, haka ma Guglielmo da Saliceto na Italiya a ƙarni na 13. Bayani mafi cika daga wancan zamani na Gabriele Ferrara ne, wani likitan tiyata na Milan a ƙarshen ƙarni na 16, wanda ya rubuta yadda za a jawo bakunan biyu a hankali, a ɗinke da zaren da aka tsaga daga agarar kunkuru, a jiƙa kayan aiki cikin jan ruwan inabi da aka dafa da ganyaye, sannan a hana gaɓar motsi. In aka cire kunkurun, sauran matakan ba su yi nisa da na yau ba. Sai dai babu wanda ya iya tabbatar da cewa ɗinkin ne ke dawo da aiki.

Hujja ta fara zuwa daga karnuka. A 1776 William Cruikshank, wanda ke aiki tare da ƴan'uwan nan biyu William da John Hunter a Landan, ya yanke jijiyar wuyan karnuka, ya tarar bayan makonni wani sabon abu ya haɗa bakunan. Ya miƙa rahotonsa ga ƙungiyar masana kimiyya ta masarautar Ingila, aka ƙi bugawa, ya kwanta har shekara 19. Ba a fito da shi ba sai a 1795, lokacin da John Haighton ya kawo gwaji mai ƙarfafa shi: idan aka yanke wannan jijiya a ɓangarori biyu na wuya lokaci guda kare yakan mutu, amma idan aka bar makonni shida tsakanin yankan farko da na biyu yakan rayu. Ma'ana ta farkon ta warke har ta karɓi aiki.

Mutum biyu ne suka aza harsashin fahimtar da ake da ita yau. Theodor Schwann na Jamus ya bayyana, a 1839, wasu ƙwayoyin halitta da ke jere a jikin zaren jijiya kamar duwatsun carbi. Su ne ke naɗe zaren da wani rufi mai kitse wanda ke sa saƙo gudu, kuma sunansa suke ɗauke da shi har yanzu. Sai Augustus Waller a 1850, wanda ya yanke jijiyoyin harshen kwaɗo ya sa ido a madubin ƙara girma. Ya ga ɓangaren da ke haɗe da cibiya yana nan da rai, ɓangaren da aka raba da ita kuwa, tun daga wurin yankan har ƙarshensa, yana narkewa ya farfashe cikin ƴan kwanaki. Wannan ya rushe tunanin cewa jijiya kamar igiya ce da za a ƙulla ta ci gaba da aiki. Duk kyawun ɗinki, zaren da ke ƙasan yankan matacce ne. Abin da ɗinki ke yi shi ne ya daidaita bakin kwararo da kwararo, domin sabon zare ya tsiro daga sama ya bi tsohuwar hanya.

Daga ina sabon zaren ke fitowa? An yi shekaru ana ja-in-ja. Wani ɓangare na masana, musamman a Jamus, sun ce ƙwayoyin Schwann da ke ƙasan yankan ne ke ƙera guntayen zare su harhaɗa. Santiago Ramón y Cajal na Sifen, da rininsa na azurfa da haƙurinsa na zane, ya nuna tsiron yana fitowa ne daga bakin da ke sama, yana lalube da kansa kamar yaɗon kabewa, kuma ya yi hasashen cewa ɓangaren ƙasa na fitar da wani sinadari mai jawo shi. A 1907 Ross Harrison a Amurka ya ɗiga ɗan naman tayin kwaɗo cikin ɗigon ruwan jiki a kan gilashi, ya ga zare na fitowa daga ƙwayar jijiya da idonsa, babu ƙwayar Schwann ko ɗaya a wurin. Cajal ya yi nasara. Amma abokan gardamarsa ba su yi kuskure gaba ɗaya ba da suka ɗora wa ƙwayoyin Schwann muhimmanci, kamar yadda za mu gani.

Abin da yaƙi ya koyar

Abin takaici ne, amma mafi yawan ilimin jinyar jijiya daga fagen fama aka samo shi. A yaƙin basasar Amurka an ware asibiti guda a Filadelfiya, Turner's Lane, don raunukan jijiya, kuma daga nan Silas Weir Mitchell da abokansa biyu suka fitar da littafinsu na 1864. Su ne suka siffanta raɗaɗin nan mai kama da ƙunar wuta da ke bin raunin jijiya, wanda ke sa soja ya naɗe hannu da jiƙaƙƙen tsumma dare da rana, wani ma ya zuba ruwa cikin takalminsa. A yaƙin duniya na farko kuma, cikin shekara guda, 1915, Jules Tinel a ɓangaren Faransa da Paul Hoffmann a ɓangaren Jamus, kowa bai san da aikin ɗan'uwansa ba, suka gano alama ɗaya: idan aka ƙwanƙwasa kan jijiyar da ke tofowa, majinyaci zai ji wani yam-yam a can inda jijiyar ta nufa. Tinel ya kira shi da kalmar Faransanci mai nufin tafiyar tururuwa. Wurin da ƙwanƙwasar ke tayar da tururuwar shi ne inda bakin tsiron ya kai, kuma da shi likita ke bin tafiyarsa wata bayan wata har yau, ba tare da na'ura ba.

A yaƙin duniya na biyu Herbert Seddon, wanda ke jagorantar sashen raunukan jijiya a Oksfod, ya kasa raunin gida uku a 1943. Akwai jijiyar da aka danne kawai, ta yi shiru, ta farfaɗo da kanta cikin makonni. Akwai wadda zarenta ya tsinke amma kwararonta na nan, ita ma takan warke ba tiyata, sai dai a hankali. Ta uku ita ce wadda ta rabu biyu, zare da kwararo, wadda ba ta da makawa sai ɗinki. Sydney Sunderland na Ostareliya ya faɗaɗa rabon zuwa biyar a 1951. A wannan zamani ne kuma aka tsayar da adadin da ke mulkin wannan fanni baki ɗaya: jijiyar ɗan Adam na tofowa kimanin milimita 1 a rana, wajen inci guda a wata. A lissafa. Wanda jijiyarsa ta yanke a hammata, tsakanin raunin da ƙananan tsokokin tafin hannunsa akwai santimita 60 ko fiye, tafiyar kusan shekara biyu ke nan. Tsoka kuwa idan ta rasa jijiyarta tsawon wata 12 zuwa 18 takan ƙanƙance, ta koma tabo da kitse, ko jijiyar ta iso daga baya ba za ta tarar da mai amsa sallama ba.

Ba harsashi kaɗai ke yin wannan ɓarna ba. A ƙasashenmu babur na kan gaba, domin faɗuwa a kan kafaɗa na fizge tarin jijiyoyin da ke fitowa daga wuya zuwa hannu, kuma duk garin da ke da ƴan kabu-kabu ya san saurayi mai hannu a rataye. Sai allurar da aka yi wa yaro a ɗuwawu ba a daidai wurinta ba, ta soki babbar jijiyar ƙafa, ya tashi yana jan ƙafa. Allurar kinin ta yi ƙaurin suna a wannan, kuma yana daga cikin dalilan da suka sa likitoci a Yamai, a shekarun 1990, suka gwada ba wa yara masu zazzaɓin cizon sauro kinin ta dubura a maimakon allura.

Gyara mafi girma a ɓangaren tiyata ya zo ne a shekarun 1960, da aka shigo da madubin ƙara girma ɗakin aiki da zare wanda ya fi gashin kai siranta. Hanno Millesi na Biyana ya nuna cewa babban abokin gabar ɗinki shi ne ja: idan aka jawo bakuna biyu da ƙarfi don su haɗu, tabo ne zai cike tsakaninsu. Gara a ciro wata jijiya marar muhimmanci daga jikin majinyacin a yi gada da ita. Wadda aka fi cirowa ita ce ta bayan ƙwauri, mai ba da tsawon santimita 30 zuwa 40, kuma ladan cire ta shi ne gefen ƙafa ya mutu da ji. A 1994 Christophe Oberlin a Faransa ya zo da wata dabara ta yanke hanya: maimakon a jira tsiro daga wuya, a ɗebi ɗan sashe na lafiyayyar jijiya a damtse a juya shi kai tsaye zuwa tsokar da ke lanƙwasa gwiwar hannu. Tafiyar shekara ta koma ta ƴan watanni. Duk da haka saurin tsiron bai canza ba, milimita ɗayan nan ce tun zamanin Head. Daga wannan gazawa ne fata biyu suka taso, ɗaya a kan abinci, ɗaya a kan ƙwayoyin tushe.

Shinkafa, hanta da rogo

Labarin abinci da jijiya ya fara ne da cutar beriberi, wadda ke kashe ji a ƙafafu, ta shanye su, wani lokaci ta kumbura jiki ta kama zuciya. A 1883 jirgin horar da sojan ruwan Japan mai suna Ryūjō ya dawo daga doguwar tafiya zuwa Niyu Zilan da Kudancin Amurka da Hawai. Cikin mutum 376, mutum 169 sun kamu, 25 sun mutu. Likitan rundunar, Takaki Kanehiro, wanda ya yi karatu a Landan, ya roƙi a tura wani jirgin, Tsukuba, ya bi hanya ɗaya a shekara mai zuwa da abinci dabam, mai nama da madara da ganye. Mutum 14 kacal suka kamu, babu wanda ya mutu. Takaki ya ɗauka ƙarancin furotin ne sanadi, wanda kuskure ne, amma maganinsa ya yi aiki, kuma sha'ir da aka gauraya da shinkafa ya kusa kawar da cutar daga rundunar ruwa. Likitocin rundunar ƙasa, waɗanda suka yi karatu a Jamus suka kuma haƙiƙance ƙwayar cuta ce, suka yi watsi da shi. A yaƙin Japan da Rasha na 1904 zuwa 1905 beriberi ta kashe sojojinsu kimanin 27,000.

A Batabiya, wato Jakarta ta yau, kaji ne suka buɗe wa Christiaan Eijkman ido. Kajin ɗakin gwajinsa suka fara tangaɗi suna faɗuwa, ya duba jijiyoyinsu ya ga sun lalace irin na masu beriberi, sannan kwatsam suka warke. Da ya bincika sai ya gano an yi watanni ana ba su ragowar farar shinkafa daga asibitin soja, har aka kawo sabon kuku wanda ya ce ba zai ba kajin farar hula shinkafar soja ba, aka mayar da su kan wadda ba a surfe ba. Eijkman ya zaci akwai guba a cikin ƙwayar shinkafa, dusar kuma makarinta ce. Magajinsa Gerrit Grijns ne ya gyara a 1901: babu wata guba, wani abu ne da jiki ke buƙata aka surfe aka zubar. An ware shi daga dusar shinkafa a 1926, aka haɗa shi a ɗakin gwaji a 1936, shi ne bitamin B1. A Malaya kuma an lura cewa ma'aikata Indiyawa masu turara shanshera kafin a casa ba sa kamuwa kamar masu cin fara sol, saboda turarawar na tura bitamin ɗin cikin ƙwaya. Matan da ke wannan sana'a a garuruwan noman shinkafa na bakin Kwara da fadamun Sakkwato suna yin abin da ya dace tun kafin a san sunan bitamin.

Sauran suka biyo baya da sauri. A 1926 George Minot da William Murphy a Boston suka ceto masu wani mugun ƙarancin jini, wanda ke tafe da lalacewar jijiya da laka, ta hanyar ɗura musu hanta kusan kwatan kilo kullum. Sinadarin da ke ciki, bitamin B12, an ware shi a 1948, kuma daga abincin dabba kaɗai ake samunsa. Da aka fara amfani da maganin tarin fuka isoniazid a 1952 sai aka ga yana jawo mutuwar ji a ƙafafu, aka kuma gano ɗan ƙaramin bitamin B6 na hana haka. A Kyuba, tsakanin 1991 da 1993, bayan rushewar Tarayyar Sobiyet ta jefa ƙasar cikin ƙarancin abinci, fiye da mutum 50,000 suka kamu da ciwon jijiyar ido da ta ƙafafu, kuma annobar ta lafa bayan gwamnati ta raba bitamin ga ɗaukacin jama'a.

Amma akwai labarai biyu da masu tallar bitamin ba sa so a tuna. A shekarun 1960 Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya yi nazarin wani ciwon jijiya mai sa tangaɗi da raunin gani da ji a yankin Ijebu, ya danganta shi da dogaro ga rogon da ba a jiƙa ya fitar da gubarsa sosai ba. Da shi da abokan aikinsa suka gwada bitamin a kan majinyatan ta hanyar kwatanta rukuni da rukuni, ba a ga wani amfanin a zo a gani ba. Sannan a 1983 Herbert Schaumburg a Amurka ya ba da rahoton mutum bakwai da jijiyoyinsu suka lalace har wasu ba sa iya tafiya sosai, sanadin shan bitamin B6 gram 2 zuwa 6 a rana da niyyar ƙarin lafiya. Bitamin ɗin da ke kare jijiya idan kaɗan ne, shi ne ke kashe ta idan ya yi yawa.

A ganina nan ne ake yawan rikita abu biyu. Duk nasarorin da na lissafa na jijiyar da yunwar wani sinadari ta lalata ne. Aka mayar mata da abin da ta rasa, ta farfaɗo. Jijiyar da gilashi ya datse a jikin mutumin da ke cin abinci mai kyau ba ta rasa bitamin ba, hanya ta rasa. Gaskiya ne an ga wani nau'in B12 mai yawan gaske yana hanzarta tofowa a ɓeraye, musamman a gwaje-gwajen Japan, haka ma kitsen kifi da wasu sinadarai, amma babu wani abinci ko ƙwaya da aka tabbatar yana yin haka ga jijiyar mutum da ta yanke. Sabon abu mafi jan hankali shi ne na 2022 daga ɗakin binciken Simone Di Giovanni a Landan: ɓerayen da aka riƙa hana wa abinci yini guda a ba su washegari sun fi saurin tofar da jijiyar ƙafa bayan an murƙushe ta. Sirrin yana cikin hanji, inda wasu ƙwayoyin bakteriya ke ƙara fitar da wani sinadari mai suna IPA, kuma da aka ba ɓerayen sinadarin kai tsaye bayan rauni shi ma ya taimaka. Sai a lura, ɓerayen sun yi kwanakin yunwarsu ne kafin raunin, kuma murƙushewa aka yi, wato rauni na aji na biyu a rabon Seddon, mai warkewa da kansa ko ba komai.

Ƙwayoyin tushe

A nan za mu koma ga ƙwayoyin Schwann. Bincike ya nuna cewa da zarar zare ya mutu sukan sauya hali: su watsar da rufin kitsen, su taya share tarkace, su hayayyafa, su jeru layi-layi cikin kwararo suna fitar da sinadaran da ke kiran tsiro. Hasashen Cajal ya tabbata tun a shekarun 1950, lokacin da Rita Levi-Montalcini, wadda ta ci gaba da bincikenta a ɗakin kwananta a Turin bayan dokokin gwamnatin Mussolini sun kore ta daga jami'a don ita Bayahudiya ce, ta gano sinadarin farko mai sa jijiya girma tare da Stanley Cohen. An sa rai ƙwarai a kansa. Da aka gwada shi a kan masu ciwon sukari fiye da dubu a ƙarshen shekarun 1990, bai yi komai ba illa sa ciwo a wurin allura. Sinadari guda ba zai maye gurbin ƙwaya mai rai da ke fitar da iri-iri, kowanne a lokacinsa ba. A 1995 kuma Tessa Gordon da abokiyar aikinta a Kanada suka nuna cewa ƙwayoyin Schwann ma suna gajiya da jira: idan watanni suka wuce tsiro bai iso ba, sai su yi rauni su ragu, kwararon ya tsuke. Ashe agogo biyu ke bugawa, na tsoka da na hanya.

Tunanin da ya biyo baya a bayyane yake, a kawo sababbin ƙwayoyi. Matsalar ita ce ƙwayar Schwann ta mutum sai an sadaukar da wata jijiyarsa ake samunta, kuma renonta na cin makonni. Shi ya sa aka juya ga ƙwayoyin tushe, wato waɗanda ba su riga sun zaɓi sana'a ba, masu iya rikiɗa zuwa nau'i fiye da ɗaya. Alexander Friedenstein ya gano irinsu a cikin ɓargo a Mosko tun shekarun 1960 da 1970, Arnold Caplan ya raɗa musu sunan da aka fi sani a 1991. A 2001 Mari Dezawa a Japan ta juya na ɓargon ɓera zuwa masu kama da na Schwann ta hanyar jiƙa su da jerin sinadarai, ta cusa su cikin bututu tsakanin bakunan jijiya, tsiro ya ƙetare. A shekarar ne kuma aka bayyana cewa kitsen jiki ma na ɗauke da irinsu, kuma a 2007 masu bincike a Manchesta suka yi wa na kitsen irin wannan juyi. Shinya Yamanaka ya buɗe wata ƙofar a 2006 da ya mayar da ƙwayar fata ta koma kamar ta tayi. Tun daga lokacin an gwada na cibiya, na cikin haƙori, na gindin gashi, kuma rahotanni daga ɓeraye sun yi ta zuwa da sakamako mai daɗi.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Gwajin da aka saba yi shi ne a cire kimanin santimita 1 daga jijiyar cinyar ɓera matashi mai lafiya, a gyara nan take. Ɓera na tofar da jijiya fiye da mutum, kuma daga cinyarsa zuwa yatsunsa tafiyar ƴan makonni ce, saboda haka agogon nan biyu ba su cika shafarsa ba. Daɗin daɗawa, da aka bi sawun ƙwayoyin da aka dasa sai aka ga mafi yawansu ba sa daɗewa da rai, kuma kaɗan ne ke zama ƙwayoyin Schwann na haƙiƙa. Amfanin da ake gani ya fi kama da na sinadaran da suke zubarwa kafin su mutu. Caplan da kansa, a 2017, ya nemi a daina kiransu ƙwayoyin tushe a koma kiransu masu aika saƙon magani, domin sunan da ya raɗa ya zama jarin asibitocin kuɗi da ke sayar wa masu shanyewar gaɓa allurar da babu hujja a kanta.

Abin mamaki, wanda ya fi kowa gwaninta a wannan juyi ƙwayar cutar kuturta ce. Kuturta ciwon jijiya ce kafin ta zama ciwon fata. Paul Brand ya nuna a Vellore ta Indiya cewa yatsun kuturu ba ruɓewa suke yi ba, rashin jin zafi ne ke sa ya ƙone ya yanke bai sani ba har su ƙare, abin da ma'aikatan asibitin Danja kusa da Maraɗi ke koya wa majinyata kullum. Ƙwayar cutar a cikin ƙwayoyin Schwann take zama. A 2013 ɗakin binciken Anura Rambukkana a Edinbara ya nuna, a ƙwayoyin ɓera, cewa takan kashe musu halinsu na Schwann ta mayar da su masu kama da ƙwayoyin tushe, su yi ƙaura zuwa tsoka suna ɗauke da ita.

A ɓangaren mutane kuwa, abin da ke hannu kaɗan ne. Wanda aka fi ambato shi ne aikin Allan Levi a Miyami, wanda aka buga a 2016 da 2017. Mace ce matashiya da farfelar jirgin ruwa ta datse mata babbar jijiyar cinya, sai kuma mutum na biyu mai raunin harsashi. An ɗebi ƙwayoyin Schwann nasu, ba ma ƙwayoyin tushe ba, aka rene su na makonni har suka kai miliyoyi, aka zuba su a kan gadar da aka yi da jijiyar bayan ƙwauri irin ta Millesi. Dukansu sun samu dawowar wani ɓangare na ji da motsi, kuma ba a ga ƙari ya tsiro a wurin ba. Mutum biyu ne, kuma babu wani na uku da aka yi wa gadar kaɗai a gefe don a san rabon da ƙwayoyin suka taka.